Ranar da saba ta tsaya jiran F1: jagorar haɗa kibod da linzami da uwar garke

Wata asuba ta hunturu, saura awa biyu ɗalibai su fara shiga jarabawa, aka buga mini waya daga wata cibiyar kwamfuta da nake duba wa kayan aiki. An ɗauke wuta cikin dare, batirin UPS ya ƙare. Da aka tayar da janareta duk kwamfutocin zauren suka tashi, amma uwar garken da suke ɗebo tambayoyi daga gare ta, wadda mu 'yan sana'a muke kira saba, ta yi gum. Fankokinta na ta gurnani, fitilunta na ci, amma ta netwok ko tari ba ta yi. Na jona mata monita, sai ga farin rubutu a kan baƙin allo: ta ga wani abin da bai gamshe ta ba wajen tashi, ta tsaya tana jiran a danna F1 kafin ta ci gaba. Maɓalli ɗaya tak. Kibod ɗin da ke jakata kuwa sabo ne fil, marar waya, mai aiki da Bluetooth, wanda na saya da tsada har ina nuna wa abokai. Na danna F1 har yatsa ya gaji, saba ba ta ma san ina yi ba. Maigadi ne, yana tsaye bakin ƙofa da tocila, ya ce, "Injiniya, ko in ɗauko maka na teburin akawu?" Ya kawo wani tsohon kibod mai waya, haruffan A da E sun goge, ƙura ta cika tsakanin maɓallansa. Na soka shi ta baya, na danna sau ɗaya, ta wuce.

Laifin nawa ne, domin na manta tambayar da ya kamata mai taɓa saba ya fara yi wa kansa: a daidai wannan lokaci, wa ke saurare a cikin injin? Daga sa'ad da ka kunna ta zuwa sa'ad da Windows ko Linux ta gama miƙewa, ba abu ɗaya ke karɓar saƙon kibod ba. Da farko wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin madabod, ana kiranta BIOS, ko UEFI a sababbin injuna. Ita ke ƙirga ram, ta duba faifan ajiya, ta nemo inda babbar manhaja take. Saninta gajere ne: kibod mai waya, monita, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sai ta miƙa ragama sannan babbar manhaja ta ɗora direbobinta, ta kunna Bluetooth, ta buɗe ƙofofin netwok irin su SSH da RDP.

Saba mai lafiya ba ta bukatar kibod ko kaɗan. Za ta shekara a kulle cikin rak ba wanda ya taɓa ta, ana shigarta daga ofis ko daga wani gari. Duk ranar da ka ga kanka kana neman kibod, to galibi ba ta kai ga babbar manhajar ba, ko kuwa ta kai ta faɗi. Don haka kowace hanya da zan bayyana a nan da ma'auni ɗaya za ka auna ta: tana aiki tun kafin babbar manhaja ta tashi, ko sai bayan ta tashi?

Kafofin da ke jikin injin

Zagaya bayan saba ka duba. In tsohuwa ce, irin na hannun da suka daɗe suna yawo daga ofis zuwa ofis, za ka ga kafofi biyu zagayayyu, ɗaya shunayya ɗaya koriya. Sunansu PS/2, kamfanin IBM ne ya fito da su a 1987 tare da kwamfutocinsa masu wannan suna. Kowacce na karɓar kai mai haƙora shida. Shunayya ta kibod ce, koriya ta linzami, wato maus. Siffarsu ɗaya, saboda haka kan kibod zai shige kafar linzami sumul, amma a yawancin injuna ba zai yi aiki ba. Wasu madabod kafa ɗaya gare su, rabi shunayya rabi koriya, wadda ke karɓar kowanne. Dokar PS/2 guda ce: a soka kafin a kunna. Ba a ƙera ta don a riƙa cirewa ana mayarwa injin na kunne ba. In ka soka bayan ta tashi, sau da yawa linzami ba zai motsa ba sai an sake kunnawa, a tsofaffin madabod ma hakan na iya ƙona ɗan fis ɗin da ke tsaron kafar. Ka kuma lura da 'yar kibiya ko gefen da ke shafe a jikin kan, shi ke nuna yadda zai shiga. Wanda ya murɗa da ƙarfi cikin duhu ya lanƙwasa haƙori ɗaya, sai ya nemo allura da haƙuri.

Akwai wani ɗan adafta, kore ko shunayya, mai mayar da kan USB ya zama na PS/2, wanda ya wahalar da mutane da yawa. Babu komai a cikinsa sai 'yan wayoyi. Yana aiki ne kawai idan kibod ɗin da kansa ya iya yarukan biyu, kamar yadda aka riƙa ƙera su a shekarun da PS/2 ke miƙa wa USB wuri. Yawancin na yanzu yaren USB kaɗai suka iya. In dole sai ka haɗa sabon kibod da tsohuwar saba, nemi adafta mai 'yar na'ura a ciki da ke yin tafinta, za ka gane shi da ɗan kumburi a tsakiyar waya.

USB ita ce hanyar yau. Ta fito a 1996, aka yi ta biyu a 2000, ta uku mai shuɗin harshe a 2008. Kibod da linzami ba su da ruwa da wannan tsere, domin yawancinsu da mafi ƙarancin gudu suke magana, megabit 1.5 a daƙiƙa, wanda ya ishe su har da ragowa. Bambancinta da PS/2 ta fuskar ɗabi'a ne. Kibod na PS/2 shi ke ƙwanƙwasa ƙofa duk lokacin da aka danna maɓalli. A USB kuwa kwamfuta ce ke leƙowa tana tambaya ko akwai saƙo, sau 125 a daƙiƙa ga kibod na gama-gari. Kuma an tanadar wa kibod wani ɗan taƙaitaccen yare na lokacin tashi, wanda ke ɗaukar maɓalli shida a lokaci guda ban da su Shift da Ctrl da Alt. Wannan yaren BIOS ta sani. Kibod na 'yan wasan gem, mai fitilu kala-kala da ƙarin kafofi a jikinsa, yakan gabatar da kansa a matsayin na'urori uku ko huɗu, sai wata BIOS ɗin ta rikice ta yi biris da shi. An ce araha ba ta ado, to a ɗakin saba ba ado aka zo yi ba. Kibod mafi sauƙi, mai waya, marar ƙyale-ƙyale, shi ne na aiki.

Marar waya iri biyu ne, kuma kada ka haɗa su. Mai ɗan dongul da ake sokawa a USB yakan yi aiki a BIOS, domin dongul ɗin na nuna kansa tamkar kibod mai waya. Aibinsa batir, wanda ke mutuwa a cikin durowa ba sallama. Mai Bluetooth zalla kuwa, ka ji labarina.

Sai zaɓen kafa, wanda nan ma akwai tarko. Fara da kafofin baya. A sabobin Dell akwai zaɓi cikin BIOS da ke kashe kafofin gaba a bar na baya kawai, kuma masu kula da tsaro suna yawan amfani da shi. A gaban HPE ProLiant daga Gen10 akwai wata kafar USB da aka rubuta iLO a kanta. Ba ta kaiwa ga babbar manhaja, ta na'urar kula da injin ce, kibod ba zai yi maka komai a nan ba. Dell ma tana da 'yar ƙaramar kafa a gaba mai alamar sifana, ta haɗa laftof da iDRAC, tata na'urar kula da injin. In kana ɗora tsohuwar manhaja irin Windows Server 2008 R2, guji shuɗiyar kafa, domin faifan ɗorawar bai zo da direban USB na uku ba: kibod zai yi aiki a BIOS, da zarar allon zaɓen harshe ya fito sai ya mutu murus. Haka nan in kibod na aiki cikin BIOS amma ya daskare a jerin zaɓen manhajar da za ta tashi, duba zaɓin da aka rubuta Legacy USB Support, wataƙila wani ya kashe shi. Wayar USB kuma kada ta wuce mita 5. In tebur ya yi nisa da rak, waya mai ƙara ƙarfin sigina ake sa wa, ba a jona gajeru uku a jere.

Kibod ba monita aikin makaho ne, don haka bari in taɓa wannan. Har yau yawancin sabobi, har da sababbi, kafar VGA suke zuwa da ita, shuɗiyar nan mai ramuka 15 a layi uku, tsarar PS/2 ce, 1987. Dalili kuwa ɗan guntun na'urar da ke kula da injin shi ke fitar da hoto, kuma VGA ta ishe shi. Ajiye monita ɗaya mai VGA komai tsufanta, da tsohuwar zuma ake magani. In monitarka HDMI kawai gare ta, ka sani adaftan da ya cika kasuwa daga HDMI zuwa VGA yake kai hoto, ba ya juyawa baya. Kai na VGA zuwa HDMI kake nema, kuma shi yana bukatar wutar USB. A injuna da yawa masu VGA gaba da baya, in an jona ta gaba sai ta baya ta ɗauke.

Idan ka tsaya gaban rak

Abu na farko, tabbatar da injin da kake nufi. Dogon rak na iya ɗauke da sabobi goma sha masu kama ɗaya, kuma daga baya duk wayoyi ne. Akwai wani maɓalli a gaba mai alamar UID ko ƙaramin harafin i. In ka danna shi, shuɗiyar fitila za ta kama gaba da baya, sai ka zagaya ka ga naka. Jona monita tukuna, sannan kibod, linzami daga ƙarshe in ma da bukata.

Sai gwajin da ba ya cin ko sisi: danna Num Lock ko Caps Lock ka dubi 'yar fitilar kibod. Ba kibod ke kunna fitilar nan da kansa ba, kwamfuta ce ke ba shi umarni. In ta kama ta mutu yadda kake dannawa, saƙo na zuwa yana dawowa, injin na da rai. In ba ta motsa ba, sauya kafa. In ka gwada kafa biyu da kibod biyu shiru, to ba kibod ba ne, injin ne ya sandare.

In allo baƙi ne, wataƙila barci kawai yake. Tashe shi da Shift. Kada ka danna Enter ko dogon maɓallin tazara, domin ba ka san tambayar da ke jiran amsa a bayan duhun ba. Kuma don Allah kada hannunka ya tafi kan Ctrl da Alt da Del saboda sabo. A Windows allon shiga suke kawowa, amma a baƙin allon Linux, in ba a hana ba, umarni ne na sake kunna injin nan take, ba ta tambayar ko ka tabbata. Na taɓa ganin wani yaron aiki ya kashe wa ma'aikata guda aiki da tsakar rana ta haka, da kyakkyawar niyya.

Maɓallan shiga BIOS sun bambanta da kamfani. Dell PowerEdge: F2 saiti, F11 zaɓen inda za ta tashi, F12 tashi ta netwok. HPE ProLiant: F9 saiti, F11 zaɓe. Lenovo F1. Supermicro Del. Saba na iya ɗaukar minti biyar ko fiye tana ƙirga ram kafin ta nuna waɗannan, sannan ta ba ka 'yan daƙiƙu. Zauna kusa, kada ka tafi ɗauko shayi. Da ka shiga, nemi zaɓin da ke sa ta tsaya jiran F1 in ta ga kuskure ko ta rasa kibod, ka yi shawara da kanka. Saba da ke wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, kuma ba mai kwana kusa da ita, gara a ce mata ta rubuta kuskuren a kundinta ta wuce.

Linzami kuwa, gaskiya ɗaya ce, ɗan rakiya ne. Sabar Linux ba ta da abin da za a nuna da kibiya, allon ESXi na VMware mai ruwan ɗorawa da toka F2 da F12 kawai ya sani, BIOS kuma Tab da kibiyoyi huɗu da Enter da Esc sun ratsa ta ko'ina. Windows Server mai tagogi ce kaɗai za ka ji rashinsa. In za ka yi amfani da shi a kan murfin ƙarfe mai sheƙi, shimfiɗa masa guntun kwali, domin hasken idonsa ba ya kama santsi.

Kibod ɗaya, sabobi takwas

In sabobi sun wuce biyu, zagaye da kibod a hannu ya zama wahala. A nan ake sayen akwatin KVM, haruffan farko na kibod da hoto da linzami a Turance. Kowace saba na aiko masa da wayar VGA da ta USB, kai kuma ka jona kibod ɗaya, monita ɗaya, linzami ɗaya a jikinsa, kana sauyawa daga wannan injin zuwa wancan. Akwai mai kafa 4, 8, 16. Akwai kuma wanda aka haɗa da allo da kibod cikin durowa mai kaurin 1U, wato inci 1.75, ka jawo ta ka ɗaga murfi kamar laftof. Ana sauya injin da maɓallan jikin akwatin ko daga kibod: a yawancin na ATEN danna Scroll Lock sau biyu da sauri, a na Avocent kuwa Print Screen ke fito da jerin sunaye.

Abin da ya raba mai kyau da na banza ba ya ganuwa a kwali. Mai kyau yana yi wa kowace saba kwaikwayon kibod dare da rana, ko kana kanta ko ba ka kanta, don haka kowacce na tashi tana ganin kibod a jone. Mai araha kuwa cire kibod yake yi daga wannan ya soka a waccan, sai an ɗauki 'yan daƙiƙu kafin injin ya gane shi, kuma cikin waɗannan daƙiƙun ne damar danna F2 ke wucewa. Tambayi mai sayarwa wannan kafin ka biya, in ya kasa amsawa ka nemi ya jona ku gwada. Farashin kwaikwayon shi ne ƙarin maɓallan ƙara sauti da makamantansu ba sa wucewa, wanda ba asara ba ce a nan.

Manyan KVM ba sa jan kaurarar wayar VGA. Ana maƙala ɗan dongul a bayan kowace saba, daga shi sai wayar Cat5 zuwa akwatin. Kan wayar iri ɗaya ne sak da na netwok, amma kama da wane ba ta wane: abin da ke gudana a ciki ba netwok ba ne, kuma soka ta cikin siwic ba zai haifar da alheri ba. Sa wa wayoyin KVM launi dabam, ka rubuta sunan kowace saba a kan kafarta da kuma cikin jerin allon. Siraran sabobi da ake zurawa cikin akwati ɗaya, irin na Cisco UCS da HPE, ba su da wurin VGA da USB a fuska, sai wata kafa guda da ake soka wa waya mai rassa: VGA ɗaya, USB biyu, siriyal ɗaya. 'Yar wayar nan ita ke fara ɓata. In kana sayen na hannu, ka ce a haɗo maka da ita.

Kibod da ba ya ɗakin

Hanya mafi daraja ita ce wadda mutane da yawa suka saya tare da injin ba su taɓa kunnawa ba. A jikin madabod na kowace saba ta ƙwarai akwai wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta, da kafar netwok tata. Dell na kiranta iDRAC, HPE iLO, Lenovo XClarity, Supermicro kuwa IPMI, sunan ƙa'idar da Intel da abokansa suka fitar a 1998. Muddin wayar wuta na jone tana farke, ko da saba a kashe take. Dabararta mai sauƙi ce: tana nuna wa saba kanta a matsayin kibod da linzami na USB da aka soka daga ciki, kuma ita ke riƙe da hoton VGA. Kai kana Zariya, injin na Legas, ka buɗe burauza ka rubuta adireshinta, sai ga allon saba a gabanka tun daga ƙirgar ram. Abin da ka danna a laftof ta ɗauka ta miƙa wa BIOS tamkar kana tsaye a wurin. Kana iya kashewa, ka kunna, har ka ɗora mata faifan manhaja daga laftof ɗinka. Da na kunna wannan a waccan cibiya, da daga kan gado zan danna F1.

Saitinta ba wuya. Jona kafarta da siwic, shiga BIOS da kibod mai waya, ba ta adireshin IP tsayayye, rubuta shi a takarda ka manna a ƙofar rak. Sauya kalmar sirri a ranar. Tsofaffin Dell da root da calvin suke zuwa, Supermicro da ADMIN sau biyu har zuwa ƙarshen 2019, kuma duk ɓarawon intanet ya haddace su. HPE da sababbin Dell suna buga kalmar a jikin wani ɗan kati da ake zarowa daga fuskar injin. Sai batun lasisi, wanda ke ba masu sayen na hannu mamaki: a Dell sai da iDRAC Enterprise ake ganin allo daga nesa, a HPE kuwa lasisin kyauta na nuna allo lokacin tashi, da babbar manhaja ta hau sai ya nemi iLO Advanced. Tambayi wannan tun a wurin ciniki. Tsofaffin suna neman Java, wadda burauzar yau ba ta so. Sabunta manhajar iDRAC8 ko iLO 4 na kawo allon da ke buɗewa cikin burauza kai tsaye.

Abu biyu za su ba ka haushi a ranar farko. Ctrl da Alt da Del laftof ɗinka ne zai cafke su, ba za su isa saba ba, sai ka aika su daga jerin umarnin da ke saman tagar. Na biyu, za ka iya ganin kibiya biyu, taka da ta saba, ɗaya na bin ɗaya ba sa haɗuwa. Nemi saitin linzami ka mayar da shi Absolute, wato ya riƙa faɗin ainihin inda kibiya take maimakon nisan da ta matsa.

Akwai kuma tsohuwar hanya ta siriyal, kafa mai haƙora 9, rubutu zalla ba hoto ba linzami. Waya daga laftof, manhajar PuTTY, gudu 9600 ko 115200. In ka ga haruffan shirme na zubowa, waya lafiya take, gudun ne bai dace ba.

Yanzu ga abin da ya fi cinye wa mutane dare. Kibod ba haruffa yake aikawa ba, lambar gurbin maɓalli yake aikawa, injin ne ke fassara ta bisa tsarin da aka gaya masa. BIOS da yawancin allunan gaggawa tsarin Amurka suke ɗauka. A kasuwanninmu kuwa kibod na Amurka da na Ingila a gauraye suke, kuma a kansu alamar @ da alamar zance sun yi musayar gurbi: Shift da 2 a na Amurka @ ne, a na Ingila alamar zance. Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da na Chadi da Kamaru, nasu ya fi tsanani, domin kibod na Faransa ne a hannunsu, mai farawa da AZERTY: A na gurbin Q, Z na gurbin W, M ta ƙaura, lambobin saman kuma sai da Shift. Mutum ya sa kalmar sirri daga laftof ɗinsa, ranar gaggawa ya tsaya gaban injin ya buga ta daidai sau goma tana ƙi. Maganin: buga ta a gurbin sunan mai shiga, inda haruffa ke bayyana, ka ga abin da ke fitowa, sannan ka goge. Kuma duk son da muke wa ɓ da ɗ da ƙ, kada ka sa su a kalmar sirrin BIOS ko iDRAC ko ta buɗe faifan da aka kulle, domin a wannan mataki babu kibod ɗin da zai fitar da su.

Saura tsaro. Kwamfuta ba ta tuhumar kibod, duk abin da ya ce shi kibod ne ta yarda ta bi umarninsa. A 2014 Karsten Nohl da Jakob Lell, masu bincike daga Jamus, suka nuna yadda za a sauya filasha ta rikiɗe ta zama kibod ta buga umarni da kanta. A 2016 kamfanin Bastille ya nuna cewa ana iya aika wa wasu dongul na linzami marar waya maɓallan ƙarya daga wajen ɗaki. Akwai kuma ɗan abin da ake saƙalawa tsakanin kan kibod da kafa yana nadar duk abin da aka buga. Saboda haka kulle rak, kashe kafofin gaba in ba ka bukatarsu, riƙa leƙa bayan injin, kuma ka fita daga asusunka kafin ka bar allon, domin wanda ya zo bayanka ta KVM ko iDRAC a inda ka tsaya zai tarar. Ita kuwa iDRAC da 'yan'uwanta, kada a taɓa buɗe su kai tsaye ga intanet. A ware musu netwok nasu, a shiga ta VPN.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka zaɓi wata Asabar da ba kowa a ofis. Sake kunna saba da gangan, shiga BIOS da kibod mai waya, fita, sake shiga ta iDRAC ko iLO daga laftof, buga kalmar sirri ta hanyoyin biyu ka ga ta karɓa. Sannan ka sa kibod ɗin da wayar VGA cikin leda saboda ƙura, ka ajiye su a ƙasan rak, ka rubuta a jiki cewa ba na aro ba ne. Wancan na akawu, mai gogaggen A da E, har yau yana cikin rak ɗin cibiyar. Shi kuwa akawu, na saya masa sabo.